Fliyo: ganyen da ya yi shekaru dubu biyu a tukunya kafin mansa ya fara kisa

Bara da sanyi, wani ƙanena da ke aikin gini a Tamanraset ya dawo gida da tsaraba, har da ƙullin busasshen ganye. Ya ce na'ana'ar Larabawa ce, can suna kiran ta fliyo. Muka jefa kaɗan a shayi. Ƙamshinta ya fi na na'ana'armu ƙarfi, da ɗan ɗaci a ƙarshe. Washegari uwargida ta ce za ta dafa wa jaririnmu don ciwon ciki. Na ce ta dakata in bincika tukuna. Abin da na gano shi ne nake son in ba ku yau.

Wannan ganye dangin na'ana'a ne. Yana fitowa a wurare masu laima a Turai, da arewacin Afirka, da Gabas ta Tsakiya. Masana tsirrai suna kiran sa Mentha pulegium. Sunan ya samo asali daga kalmar Latin ta ƙuma, domin Rumawa da shi suke korar ƙuma daga ɗaka, kamar yadda marubucinsu Pliny ya rubuta a ƙarni na 1. Daga wannan suna ne fliyo ta mutanen Aljeriya da Maroko ta fito.

A kicin ya daɗe ƙwarai. Tsoffin Girkawa suna zuba shi cikin wani abin sha na garin sha'ir da ruwa. Littafin girkin Rumawa da ake dangantawa da Apicius ya ambace shi cikin kayan miya. Mutanen Ingila sun riƙa sa shi cikin hanjin da suke cusa wa nama. Har gobe a Aljeriya ana dafa dankalin Turawa da shi, a Maroko kuma ana sa shi a shayi lokacin mura.

Amma tun farko magabata sun san ba ganyen wasa ba ne. Dioscorides, likitan Girka na ƙarni na 1, ya rubuta cewa yana sauko da jinin haila kuma yana fitar da ciki. An fassara littafinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, ilimin ya bazu cikin likitocin Musulmi. Wato sun san amfaninsa, sun kuma san iyakarsa.

Abin da ya sake lissafi shi ne tatsar mai. Da sana'ar fitar da man ganye ta hanyar tururi ta yaɗu a Turai, sai ƙarfin tarin ganye ya koma cikin ƴar kwalba. A ƙarni na 19 ana tallar man da ƙwayoyinsa a jaridun Ingila da Amurka da sunan gyaran al'adar mata, kowa kuwa ya san abin da ake nufi. A 1978, a jihar Kolorado ta Amurka, wata yarinya ƴar shekara 18 ta sha kamar cokali 2 na man, ta rasu cikin kwanaki kaɗan bayan hantarta ta lalace.

Dalili shi ne wani sinadari mai suna pulegone da ke cikin man. Idan ya isa hanta, sai ta juya shi ya zama guba mai kashe ƙwayoyin hantar kanta. Daga nan amai, da ciwon ciki, da farfaɗiya, da zubar jini, da mutuwar ƙoda. Adadin da zai fitar da ciki yana daf da wanda zai kashe uwar. A asibiti akan gwada maganin da ake ba wanda ya sha farasitamol fiye da kima, amma sai an kai mutum da wuri.

Ba man kaɗai ba. A 1996 likitoci a Kalifoniya sun ba da labarin jarirai biyu da aka riƙa ba shayin ganyen da aka shuka a gida, ana zaton na'ana'a ce. Ɗaya ya rasu. Wannan shi ya fi tayar mani da hankali, domin mu ma muna da al'adar ba jariri dauri da jiƙe-jiƙe, kuma da wuya ka ji an tambayi sunan ganyen. Kama da wane ba ta wane.

Ba na raina maganin gargajiya, da shi aka rene ni. Sai dai tarihin fliyo ya nuna mani cewa daɗewar abu a hannun mutane ba ta wanke shi. Ganye kaɗan a tukunyar manya daban, man kwalba daban, cikin jariri kuma daban. Kakannin da suka ci shi lafiya sun san gwargwado, mu kuwa sau da yawa ganyen muke gada ba tare da mudun ba.

Shawarata gajera ce. Kada a sha man fliyo ko ɗigo. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon hanta ko ƙoda, su bar ganyen ma. Jariri kada a ba shi sam. Wanda ya sha man bisa kuskure a kai shi asibiti nan take, kada a jira alama.

Ƙullin ƙanena yana nan. Na sa shi ƙarƙashin tabarma, yana aikin da Rumawa suka san shi da shi.