Feta

Feta farin cuku ne na ƙasar Girka da ake yi da nonon tumaki. Akan surka da na awaki, amma kada ya wuce kashi 30 cikin 100. Idan nonon ya daskare, sai a tsane ruwan, a yayyanka shi, a bar shi cikin ruwan gishiri a ganga ko gwangwani aƙalla wata 2. Shi ya sa yake da gishiri da ɗan tsami, kuma da an taɓa shi sai ya marmashe. Girkawa kan ɗora shi kan tumatir da kokwamba, su kwarara man zaitun. Tun 2002, a Tarayyar Turai, cukun wasu yankunan Girka kaɗai doka ta yarda a kira feta.