Daga Keson Wuri Zuwa Rasit na Na'ura: Tarihin Lissafin Dukiya a Ƙasar Adar

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Tahoua ranar Lahadi, ya tsaya kusa da dillalin bisashe ko mai awon hatsi, zai lura da wani abu da sabo ya hana mutanen wurin gani, watau adadin da baki yake faɗa dabam yake da wanda alƙalami yake rubutawa. Idan mai tiya ta ce dala ɗari, malamin da ke riƙe da takarda 500 zai rubuta. Idan kuwa aka sallama rago jika arba'in, 40,000 za a gani a rasit, domin jama'a da dala suke ƙidaya, hukuma kuwa da tamma, kuma tamma biyar ke cikin dala. Wannan ɗan saɓani alama ce ta wata daɗaɗɗiyar mas'ala da ta bi ƙasar Adar tun da aka fara ɗaukar dukiyar mutane ana sa ta cikin daftari, ita ce: shin wanda aka rubuta lissafin a kansa yana da ikon karanta abin da aka rubuta?

A wajajen shekarar 1674, kamar yadda Farfesa Djibo Hamani ya yi bayani cikin bincikensa a kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa, Agabba ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak ya ci ƙasar da yaƙi, tare da Abzinawan da ake kira Lisawan, daga gare shi kuma sarautar Sarkin Adar ta samo asali, wadda daga baya ta zauna a Illela. Abin da talakawa ke bayarwa a wancan zamani, da ma cikin ƙarni na 19 lokacin da Abzinawan Kel Dinnik suka rinjayi arewacin ƙasar, na Kel Geres kuma suka rinjayi wani yanki na kudu maso gabas, yawancinsa abin da ido ke gani ne, damman hatsi da bisashe da tufafi. Dami ba ya ɓuya, kuma manomin da ya fitar da ɗaya cikin goma na zakka a bakin gona ya fitar da shi ne a gaban maƙwabta. Kuɗin wuri ma a bainar jama'a ake ƙirga su, biyar-biyar, ana tara su tsibi-tsibi har a cika keso, wanda yake wuri 20,000. Zaluncin mai ƙarfi bai rasa ba, don Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya soki jangali da wasu kuɗaɗen da sarakunan Hausa ke ɗora wa mutane cikin Kitabul Farƙi. Amma ko wanda aka zalunta ya san adadin abin da aka ƙwace masa.

Mu'amalar fatake kuwa a kan amana da shaidu ta ginu. Baƙo ya sauka wurin mai masauki, shi ne zai tsaya masa a ciniki, ya lamunce masa bashi, ya riƙe a ka wane ya karɓi me, kuma yaushe wa'adi zai cika. Idan dukiyar ta yi nauyi, ko aka zo rabon gado, sai a nemi malami ya rubuta da Larabci ko da ajami, bisa umurnin aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ta kuma yi horo da a rubuta bashi a kafa masa shaidu. Akwai wata hikima a cikin ayar da ta dace da zancenmu, ita ce wanda ake bi bashin shi aka ɗora wa shiftar abin da za a rubuta, don kada takarda ta ɗauki abin da bai ji ba, bai yarda ba.

Da Faransawa suka iso a farkon ƙarni na 20, Tahoua ta zama musu zango mai muhimmanci, saboda yarjejeniyar da suka yi da Ingilishi a 1898 ta ja iyaka mil 100 kewaye da Sakkwato, har ya zama ba su da hanyar zuwa Damagaram daga bakin kogin Kwara sai ta arewa, cikin ƙasa mai ƙarancin rijiyoyi, kafin a gyara iyakar a 1904 da 1906. Bariki yana bukatar abinci da raƙuma da 'yan ɗaukar kaya, saboda haka farkon aikin kumandan shi ne ƙidayar mutane. Yakan fita rangadi da tafinta da masu gadi, a tara gari a gindin itace, kowane mai gida ya faɗi matansa da 'ya'yansa da bisashensa, a rubuta cikin babban daftari da Faransanci, a kan wannan rubutu kuma ake yanka bodo, wanda wasu ke kira lanho, tare da jangalin makiyaya. Da fari an karɓi wuri da hatsi da dabbobi, daga baya aka ce sai tamma, neman tammar nan kuwa yana cikin dalilan da suka fitar da samarin Adar bida zuwa Kano da garuruwan bakin teku.

Babu shakka daftarin nan ya kawo wani tsari, don ya sa ana iya sanin abin da kowane gari ya biya bana da abin da ya biya bara, ana kuma iya tuhumar mai karɓa idan jimla ba ta cika ba. Aibinsa shi ne ido ɗaya kaɗai ke iya duba shi. Sarki yana da ladan da ake yanka masa daga abin da ya tara, mai gari yana tsoron sarki, talaka kuwa bai san abin da ke cikin shafin da ke ɗauke da sunansa ba. Kuma tun da yake ƙidaya takan yi shekaru ba a sake ta ba, wanda ya rasu ko ya yi ƙaura yakan ci gaba da zama a rubuce, danginsa suna biya masa, abin da ya fi tsanani a shekarun yunwa irin ta 1931. Bayan wannan yunwa aka matsa wa mutane su zuba hatsi cikin rumbunan ajiya na tilas, waɗanda manufarsu rigakafi ce, amma da yake mabuɗi da lissafi duk suna hannun hukuma, manomi bai taɓa ɗaukar hatsin da ke ciki a matsayin nasa ba.

Bayan samun mulkin kai ran 3 ga Agusta 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar bashi da gama-kai ta UNCC a 1962, aka kuma soma yaƙi da jahilci cikin harsunan ƙasa. A nan ne aka yi wani gwaji wanda ya cancanci a riƙa tunawa da shi. Daga tsakiyar shekarun 1960, a kasuwannin gyada na Damagaram da Maradi, aka fara danƙa wa manoma sikeli da littafin saye, aka koya wa 'ya'yansu awo da rubuta lissafi da Hausa, ta yadda a ƙarshen kaka za a zauna a dandali a karanta nawa aka saya, nawa aka ci bashin iri, nawa ya rage na rarar da za a mayar wa gari. Tsarin gama-kai ya iso Adar da Maggiya ta hanyar auduga da gonakin ban ruwa irin na Ibohamane. Farin 1973 da na 1984, da bashin da aka kasa biya, da nauyin hannun ma'aikata a kan ƙungiyoyin da aka ce na manoma ne, su suka raunana shi, har aka rushe UNCC a tsakiyar shekarun 1980. Duk da haka, wanda ya taɓa jin an karanta lissafin garinsu da harshen da yake ji, da wuya ya sake gamsuwa da a ce masa kawai an rubuta.

A ɓangaren manyan ma'aikatu kuwa, rushewar bankin raya ƙasa na BDRN a 1990, bayan ya raba basussukan da ba su dawo ba, ta nuna abin da ke aukuwa idan mai ba da rance bai iya tantance gaskiyar littattafan mai karɓa ba. Irin wannan masifa ta sami ƙasashe da dama masu amfani da kuɗin sefa, shi ya sa a cikin ɗan lokaci aka ga gyare-gyare suna bin juna: yarjejeniyar OHADA ta daidaita dokokin kasuwanci a 1993, kafa ƙungiyar UEMOA da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sa'an nan tsarin lissafi na bai ɗaya mai suna SYSCOA a 1998, wanda sabon tsarin OHADA ya gaje shi daga 1 ga Janairu 2018. Maƙasudin shi ne kamfani a Tahoua da kamfani a Abijan su jera dukiyarsu da basussukansu bisa ƙa'ida ɗaya, don mai bincike ya iya gwada wannan da wancan, an kuma sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa da su riƙe littafin shiga da fitar kuɗi kawai.

Yau ga shi an kai zamanin da takarda kanta ta fara ja da baya. Jami'an duwan a Ƙonni suna shigar da bayanin kaya cikin kwamfuta ta tsarin SYDONIA. Ɗan Adar da ke Abijan ko Libiya yana aiko kuɗi ta Nita ko Al Izza, saƙo ya riga shi isa wayar mahaifiyarsa a Barmu ko Kalfu. Kuma tun daga 2021 hukumar haraji ta ƙasa ta wajabta wa kamfanonin da abin ya shafa su riƙa ba da rasit tabbatacce, wanda na'ura ke fitarwa ɗauke da lambar harajin mai sayarwa da wani hatimi mai murabba'i, bayanin cinikin kuma ya tafi ma'ajiyar hukumar. Fa'idar wannan a bayyane take, don harajin kashi 19 cikin ɗari da mai saye ya biya a kan kaya ya fi wuyar maƙalewa a aljihun da ba baitulmali ba, kuma ba a iya kankare adadi da reza yadda ake yi wa tawada.

Sai dai na'ura ta gaji harshen daftarin kumandan. Da Faransanci take magana, da tamma take ƙidaya, alhali mafi yawan masu saye da sayarwa a Takanamat da Afala da Bambai da dala suke tunani, da yawansu kuma karatun allo suka yi, ajami ya fi musu sauƙi. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kowace ƙaramar hukuma ta sami magajin gari da majalisa da kasafin kuɗi, kafin a rushe majalisun a 2024, kuma babu abin da ya hana a karanta wa jama'a abin da aka tara na kuɗin kasuwa da abin da aka kashe, da Hausa da Tamajak da Fulatanci, kamar yadda malaman gama-kai suka taɓa yi a dandali. A jami'ar Tahoua, wadda yanzu take ɗauke da sunan Djibo Hamani, ana koyar da ɗalibai shari'a da tattalin arziki da gudanar da ma'aikatu, yawancinsu jikokin mutanen da aka ƙidaya a gindin itace ne ba tare da sun ga abin da aka rubuta ba. Su ne za su riƙe littattafan gobe, Allah Ya sa idan sun rubuta su juyo da shafin wajen mai biya ya gani.