Babban Birnin Tarayya: Tsarin mulkinsa da wakilcin jama'arsa

Mazaunin Kwamba a Suleja, Jihar Neja, yana zaɓen gwamna da ɗan majalisar dokokin jiha. Maƙwabcinsa na Zuba, can ƙetaren Dutsen Zuma, ba ya zaɓen ko ɗaya, domin shi yana cikin yankin Babban Birnin Tarayya ne.

An kafa yankin da Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairun 1976, zamanin Janar Murtala Muhammad, bisa shawarar kwamitin Mai shari'a Akinola Aguda. An yanko ƙasarsa daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Tsohon garin Abuja ya bar wa sabon birnin sunansa, ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Gwamnati ta ƙaura daga Legas ranar 12 ga Disambar 1991.

Sashe na 299 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa aikin yi wa yankin doka, ya kuma bai wa Shugaban Ƙasa ikon zartarwa, wanda yake damƙa shi ga ministan da ya naɗa. Yankin yana da sanata ɗaya, alhali kowace jiha tana da uku, sai 'yan Majalisar Wakilai biyu. A ƙananan hukumomi shida ne jama'a ke zaɓen masu gudanar da harkokinsu: Abaji, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Birnin Abuja da Kewaye.

Wannan tsari ya bambanta da na yankunan da wasu ƙasashe ke mulka a ƙetaren teku. Mutanen Puerto Rico na Amurka suna zaɓen gwamnansu, amma ba sa zaɓen shugaban ƙasa, kuma wakilinsu a Washington ba shi da ƙuri'a wajen zartar da doka. Na Abuja kuwa suna zaɓen shugaban ƙasa, amma ba su da gwamna.

'Yan asalin yankin, irin su Gbagyi da Gwandara da Koro, sun daɗe suna neman ƙarin wakilci. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukuncin cewa sun cancanci kujerar minista, kuma a 2023 aka naɗa Zephaniah Jisalo. Buƙatar samun zaɓaɓɓen shugaba da majalisar dokoki ta kansu tana nan, kuma cimma ta sai an gyara Kundin Tsarin Mulki.