Asalin Mas'ala: Tarihin Wata Dabarar Lissafi a Ilmin Rabon Gado

Akwai tambayar da ake yi wa ɗan firamare, cewa ya nemo lamba mafi ƙanƙanta wadda lambobi biyu za su shiga cikinta ba tare da saura ba. Mutane da yawa sun ɗauka boko ne ya kawo ta, alhali malaman fara'ili na ƙasar Hausa sun daɗe suna warware ta a zaure, suna kiran amsarta asalin mas'ala.

Dabarar tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Iƙlidis, masanin Girka da ya zauna a Iskandariyya, ya bayyana ta a kashi na bakwai na littafinsa: a riƙa ɗebe ƙaramar lamba daga babba, sa'an nan a ɗebe saura daga ƙaramar, har a kai ga lambar da ta cinye su duka. Hajjaj ibn Yusuf ibn Matar ya fassara littafin da Larabci a zamanin Haruna Rashid (786-809).

A fiƙihu kuwa bukatar a fili take, domin rabon magada da gutsure ya zo: nusufi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, ya kawo alaƙa huɗu tsakanin lambobi biyu a babin ƙarshe na Muhtasar, wato tamasuli, tadahuli, tawafuƙi da tabayuni. Ya kuma nuna yadda ake rarrabe su ta hanyar ɗebewa, daidai da ta Iƙlidis.

A ɗauki mamacin da ya bar mata da uwa da ɗa namiji. Mata tana da sumuni, uwa sudusi, ke nan lambobin 8 da 6. In an ɗebe 6 daga 8 saura 2, ita kuma 2 ta cinye 6 ƙaf. Sun yi tawafuƙi da rabi, sai a ninka 8 sau 3, asalin mas'ala ya zama 24: mata 3, uwa 4, ɗa 17. Da an ninka 8 sau 6 a samu 48, rabon bai ɓaci ba, amma malamai ba su yarda da tsawaitawa inda gajarta ta samu. Tabayuni, kamar na 3 da 4, shi ne kaɗai inda ake ninka lamba da 'yar'uwarta sukutum.