Mazaunin Shaho a Yammacin Zamfara

Wanda ya duba ƙamus ɗin Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, zai tarar kalmar shaho ta haɗa tsuntsaye da dama waɗanda masana halitta suka rarrabe. Wannan bai dami manomi ba, gama shi abin da ya sani duk masu ɗauke masa 'yan tsaki ne. Amma ga mai neman tarihin mazauninsu a ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi, wajibi ne ya rarrabe su, domin wani na dutse ne, wani kuwa na bakin ruwa.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne, shaho na ainihi, watau jinsin da masana ke kira Falco, ba ya yin sheƙa da kansa. Ko dai ya sami tsaguwa a goshin dutse ya nasa ƙwai a kan tsakuwa, ko kuwa ya gaji tsohuwar sheƙar hankaka ko ta shirwa. In wuri ya karɓe shi, zuriyarsa ba ta barinsa. A tsibirin Girinlan an auna kashin da ya taru a wani mazaunin shaho, aka tarar an fi shekara 2,000 ana zama a wurin. Ashe mazaunin shaho kamar kufai yake, ana iya karanta zamanin da ya wuce a jikinsa.

To, ƙasar Anka, inda sarakunan Zamfara suka zauna bayan Jihadin 1804, ƙasa ce ta tsofaffin duwatsu da tuddai. Irin wannan wuri shi ne na babban shahon da ake kira Falco biarmicus, mai kama kurciya tana cikin tashi, da kuma wani ja mai dogon wutsiya, Falco alopex, wanda ba ya nisa da dutse. In aka bi Gulbin Zamfara aka nufi yamma zuwa Gummi, sai duwatsu su ragu, fadamu da tafkuna su yawaita. Nan kuwa giginya ita ce dutsen shaho. Akwai wani ƙarami mai jan ƙeya wanda ya fi son giginya bisa kowane itace, yakan yi kwanto da maraice ya kama tsuntsayen da suka sauko shan ruwa.

Misalin da ya fi fitowa fili a Zamfara yana gabas, a Dutsen Kwatarkwashi. Turawa masu binciken tsuntsaye sun rubuta cewa maiki yana hayayyafa a goshinsa, mutanen garin kuma a dā sun daɗe suna bikin kamun maiki. Ko da yake maiki ba shaho ba ne, wannan ya nuna yadda dutse ɗaya yakan riƙe tsuntsu da al'ada tare.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, mutane suka fito daga ganuwa, gonaki suka yi ta cin daji. Aka sare giginya don azara, sa'an nan farin 1973 da na 1984 suka ƙafar da ruwaye da yawa. Haƙar zinariya kuma, wadda ta jawo gubar dalma a Anka da Bukkuyum a 2010, ta kai jama'a cikin duwatsun da dā sai maharba ke shiga. Wani Bafaranshe, Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sāke bayan shekara talatin, ya tarar manyansu sun ragu ƙwarai in ban da cikin gandayen daji.

Saboda haka akwai aiki a gaban malaman makarantun horon malamai. A tura ɗalibai wurin tsofaffin maharba da masunta, a tambaye su sunan kowane tsuntsu a bakin Zamfarawa, da dutsen ko giginyar da suka san shi a kai, da zamanin sarkin da suka daina ganinsa. A rubuta sunan wurin daidai yadda suka faɗe shi. Waɗanda suka ga fadamun Gummi kafin farin 1973 yanzu dattawa ne, su ya kamata a fara tambaya.