Yadda Mata Suka Shiga Sahun Masu Taya Alƙali Shari'a a Amurka

A kotunan Ingila da Amurka, idan ana shari'ar babban laifi, alƙali ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Akan zaɓo mutane daga cikin jama'ar gari, galibi goma sha biyu, su saurari shaidu, sa'an nan su keɓe su yi shawara, su faɗi ko wanda ake tuhuma ya aikata laifin ko bai aikata ba. Su ake kira juri, wato masu taya alƙali shari'a. Shekaru aru-aru maza ne kaɗai ke wannan aiki. A Ingila ba a neman mata sai in wadda aka yanke wa hukuncin kisa ta ce tana da ciki, sai a tara dattijan mata su duba ta. Amurka kuwa ta gaji wannan al'ada daga Ingila.

A yankin Wyoming aka fara karya al'adar. A shekarar 1869 aka ba matan yankin damar jefa ƙuri'a, a watan Maris na 1870 kuma mata suka zauna cikin masu taya alƙali a garin Laramie. Jaridu suka yi ta yi musu ba'a. Abin bai daɗe ba, domin a 1871 aka daina kiransu. Utah ce jiha ta farko da ta ba mata wannan dama a dokarta, a 1898.

Da aka gyara tsarin mulkin Amurka a 1920, matan ƙasar suka sami ikon jefa ƙuri'a, mutane da yawa sun zaci magana ta ƙare, tun da yake daga cikin masu ƙuri'a akan zaɓo masu taya alƙali. A wasu jihohi haka aka yi. A wasu kuwa kotuna suka ƙi. A 1931 babbar kotun jihar Massachusetts ta ce kalmar "mutum" da ke cikin dokar ba ta haɗa da mace ba. Masu adawa sukan ce, wa zai kula da yara in uwa ta yini a kotu? Sukan kuma ce bai kamata mace ta ji munanan maganganun da ake faɗi a shari'ar fyaɗe ko kisa ba. Jihar Mississippi ce ta ƙarshe, ba ta buɗe wa mata ƙofa ba sai a 1968.

Amma ko a inda aka buɗe ƙofar, akwai sauran rina a kaba. Wasu jihohi sun yi doka mai kama da tausayi: namiji tilas ne ya amsa kira, mace kuwa ba a sa sunanta sai in ta je da kanta ta yi rajista. Kaɗan ne suka je, saboda haka maza suka ci gaba da cika kujerun.

Shari'ar Gwendolyn Hoyt ta nuna illar wannan doka. A 1957, a garin Tampa na jihar Florida, wannan mata ta bugi mijinta da sandar wasan ƙwallo a cikin wata rigima ta aure, ya mutu. Ta ce hankalinta ya gushe a lokacin. Maza shida suka saurari shari'ar, suka same ta da laifin kisa, aka yanke mata ɗaurin shekara 30. Ta ɗaukaka ƙara, tana cewa da akwai mata a cikinsu, da sun fi fahimtar halin da ta shiga. A cikin sunaye 10,000 da gundumar ta tanada, goma ne kacal na mata. Duk da haka, a 1961 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce dokar ba ta da aibu, wai mace ita ce ginshiƙin gida da iyali.

Bayan shekara 14 kotun ta sake ra'ayi, kuma namiji ne ya kai ƙarar. Billy Taylor na jihar Louisiana ya ce an zalunce shi, domin a cikin mutum 175 da aka kira don a zaɓi masu shari'arsa babu mace ko ɗaya, alhali mata sun fi rabin waɗanda suka cancanta a yankin. A 1975 kotun ta ba shi gaskiya. Ta ce wajibi ne a zaɓo masu taya alƙali daga kowane ɓangare na jama'a. A 1979 ta soke dokar jihar Missouri da ke sallamar duk macen da ta nemi a ɗauke mata aikin. Cikin lauyoyin da suka tsaya a wannan shari'a har da Ruth Bader Ginsburg, wadda ta zama alƙaliyar Kotun Ƙoli a 1993.

Abin da ya rage shi ne dabarar lauyoyi ta tsame mutum daga cikin waɗanda aka kira ba tare da faɗin dalili ba. A 1994 kotun ta hana a tsame kowa don kawai shi namiji ne ko mace ce. Daga zaman Laramie zuwa wannan hukunci shekara 124 ke nan.