Garuruwan Da Teku Ta Gudu Ta Bari

Jama'a, mu da ke zaune a Ikko mun saba ganin teku tana cin ƙasa. To akwai garuruwan da ita ce ta janye ta bar su a tudu, kuma ga ɗan kasuwa wannan ma masifa ce, don garin da jirgi ba ya tsayawa a cikinsa kasuwarsa ta mutu.

Mu fara da Afsus, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, birnin da wasu malaman tafsiri suka ce shi ne garin Ashabul Kahfi. A zamanin Rumawa yana cikin manyan tashoshin jiragen ruwa na duniya. Filin kallonsa kaɗai yana ɗaukar mutum wajen 24,000, kuma akwai titin dutse mai tsawon kusan mita 500 da ya miƙe daga nan zuwa bakin ruwa. Amma kogin da ke kusa da shi kullum yana kwaso laka daga tuddai yana zubewa a tashar. Wani sarki, Attalus na biyu, wanda ya yi mulki daga 159 zuwa 138 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya sa aka gina katanga a bakin tashar don manyan jirage su sami zurfi. Garin neman gira aka rasa ido: katangar ta hana igiyar ruwa wanke lakar, sai ta ƙara taruwa. Rumawa suka yi ta yashewa, ɗaruruwan shekaru ana kashe dukiya. A ƙarshe tashar ta zama fadama, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kama mutane, fatake suka sake hanya. Yau wanda ya bi wancan titi zai ƙare a cikin ciyawa, teku tana can nesa da wajen kilomita 5.

Na Suwidin ya fi ban mamaki, domin can ƙasar ce da kanta take tasowa. A da ƙanƙara mai kaurin fiye da kilomita 2 ta danne yankin. Da ta narke, shekaru kusan 10,000 da suka wuce, sai ƙasa ta fara komawa yadda take, kamar katifa in mutum ya tashi daga kanta, sai dai a hankali ƙwarai, kusan mita ɗaya a shekara ɗari. Garin Luleå ya sami takardar zama birni a 1621. Zuwa 1649 ruwan tasharsa ya yi ƙasa har jirage ba sa iya shiga, dole aka tashi garin aka kai shi gaba da kilomita 10. Tsohon wurin, Gammelstad, yana nan da cocinsa da ƙananan ɗakunan katako fiye da 400.

Abin da ya sami Afsus ya sami Ikko, amma ta baya. Tsakanin 1908 zuwa 1912 Turawan mulki suka jera duwatsu a bakin tasha don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. Duwatsun suka tare yashin da ruwa ke kawowa daga yamma, sai Bar Beach da ke gabas ta rasa abin da ke cike ta. Teku ta yi ta ci har ruwa yana hawa titin Ahmadu Bello, kafin a cike wurin da yashi a kafa Eko Atlantic a kansa.